Etrian Odyssey: tambayoyi da amsoshi kan wasan kurmin Yggdrasil

Wannan shafi na mutum biyu ne: wanda ya ji labarin Etrian Odyssey yana shawarar ko ya saya, da wanda ya riga ya fara, barewa ta tattake masa tawaga a hawa na biyu, ya ajiye na'ura cikin fushi. Maganar ta fi karkata ga wasa na farko kamar yadda ya fito a Nintendo DS, na'urar wasa ta hannu, amma inda sababbin bugu suka bambanta zan faɗa. Abin da ya shafi ƙarshen labari na tura shi can ƙasa, kuma akwai gargaɗi kafin a kai gare shi.

Wane irin wasa ne, kuma su wa suka yi shi?

Kamfanin Atlus na Japan ne ya yi shi tare da wani ƙaramin kamfani mai suna Lancarse. Ya fito a Japan ranar 18 ga Janairu 2007 da sunan Sekaiju no Meikyuu, ya isa Amurka a watan Mayu na wannan shekarar, Turai kuma sai a Yuni 2008. Kazuya Niinou ne ya jagoranci aikin, Yuji Himukai ya zana mutanen, Yuzo Koshiro ya haɗa kiɗan.

Tsarinsa mai sauƙin bayani ne. Akwai gari guda, Etria, a gefensa kuma akwai wani kurmi da ya nutsa cikin ƙasa hawa-hawa. Kai ne za ka kafa ƙungiyar masu bincike, ka zaɓi mutum biyar, ka sa musu sunaye, ka shiga da su. Ba ka ganin jikin mutanenka a allo yayin tafiya; da idonsu kake kallon hanya, kana takawa ɗaki-ɗaki a kan murabba'ai, gaba ko baya, dama ko hagu. Idan dodo ya fito, faɗan bi-da-bi ne: ka ba kowa umarni, sannan ka zuba ido ka ga yadda za ta kaya. Babu batun saurin yatsa ko kaɗan. Lissafi ne da haƙuri.

Me ya sa ake cewa sai ka zana taswira da hannunka?

Domin haka abin yake, kuma a nan ran wasan yake. DS allo biyu gare ta. Na sama yana nuna maka kurmin, na ƙasa kuwa fili ne mai layuka a tsaye da a kwance, ka ɗauki tsinken rubutu ka riƙa zana bango, ka sa alamar ƙofa, matakala, akwatin dukiya, rami, da wurin da aka taɓa yi maka kwanton ɓauna. Wasan zai iya shafa launi a inda ƙafarka ta taka, amma bango da alamomi aikinka ne. In ka yi kuskuren layi ɗaya, watarana kana gudun dodo za ka shiga lungun da taswirarka ta ce hanya ce, ka tarar da bango.

Wannan al'ada ta girmi DS nesa ba kusa ba. Wasan Wizardry da ya fito a Amurka a 1981 bai zo da taswira ba, masu bugawa su ke ajiye takarda mai layukan lissafi kusa da kwamfuta suna zanawa da fensir. Mutanen Japan sun rungumi Wizardry sosai, har suka ci gaba da yin irinsa bayan kasuwarsa ta yi sanyi a ƙasar da aka haife shi. Abin da Niinou ya yi shi ne ya ɗauko waccan takarda ya sa ta cikin na'urar.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka wahala ce kawai aka ƙirƙira. Ni a ganina ba haka ba ne. Hawan da ka zana da hannunka ba ka manta shi. Ka san inda maɓuɓɓugar ruwa take, ka san kwanar da ƙaton dodo yake juyawa, ka san 'yar ɓoyayyiyar hanyar da ta rage maka tafiyar minti goma zuwa taku uku. Samun irin wannan hanya ta cikin bango, ka dangwala mata alama, yana daga cikin abubuwan da suka fi daɗi a wasan gaba ɗaya, ya ma fi kashe wani bos ɗin, wato babban dodon da ke tsare hanya, daɗi. Shawara guda: duk lungun da ya ƙare ba tare da dalili ba, juya ka fuskanci kowane bango ka duba.

Idan tawagata ta mutu, taswirar ta tafi ke nan?

A'a. Duk abin da ka tara tun daga adanawa ta ƙarshe ya tafi, kaya da matakin da mutanenka suka hau, amma wasan zai tambaye ka ko kana son a ajiye taswirar. Ka ce e. Ko mutuwa ba ta tashi a banza.

Wace tawaga zan haɗa a farko?

Sana'o'i tara ne a wasan, bakwai a buɗe tun farko. Landsknecht mayaƙi ne mai takobi ko gatari. Protector mai garkuwa ne, aikinsa tare duka. Survivalist maharbi ne mai baka, ga sauri, ga sanin daji. Dark Hunter yana riƙe bulala ko takobi, ya ƙware wajen ɗaure abokin gaba. Medic shi ne mai magani. Alchemist yana jefa wuta, ƙanƙara da tsawa. Troubadour mawaƙi ne da waƙarsa ke ƙara wa 'yan uwansa ƙarfi. Sauran biyun, Ronin mai takobin Japan da Hexer mai sammu, a bugun DS sai an yi nisa cikin kurmin ake samun damar ɗaukarsu.

Sahu biyu ake jerawa, gaba da baya, kowanne bai wuce mutum uku ba. Na baya duka ba ya cin su sosai, amma takobinsu ma ba ya cin kowa sosai, don haka wurin maharbi ne da mai magani da mai jifan wuta. Tawagar da ba ta ba sabon shiga kunya ita ce Protector da Landsknecht a gaba, Medic da Alchemist da Survivalist a baya. Wanda ya fi son doguwar tafiya ba tare da komawa gari ba zai iya cire maharbin ya sa Troubadour, saboda yana da waƙar da ke mayar wa tawaga ƙarfin yin fasaha a tsakiyar faɗa.

Abu ɗaya da ba na ja da baya a kansa: kada ka shiga ba Medic. Ana iya gama wasan ba shi, gwanaye sun yi, amma kuɗin magani zai cinye ka tun ba ka kai ko'ina ba. Ga shi kuma yana da wata fasaha, Immunize, wadda a bugun DS take rage kusan kowane irin duka, har da na ƙaho da farce. Ta yi ƙarfi fiye da kima, kowa ya san haka, kuma babu wanda zai ga laifinka in ka dogara da ita.

Ya zan raba makin fasaha?

Kowane mataki da mutum ya hau maki ɗaya yake kawowa, kuma a bugun DS mataki na 70 ne ƙarshe. Makin ba zai isa komai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa shi ɗaya nan ɗaya can, a wayi gari mutum ya san abu goma amma babu wanda ya iya. Zaɓi fasaha biyu ko uku ga kowane mutum ka cika su. Mai jifan wuta ya fara da abu ɗaya ya ƙware kafin ya waiwayi na biyu. Mai garkuwa ya nemi fasahar Defender da wuri.

In ka ɓata rabon, akwai gyara amma da tsada: a DS, wanda ya kai mataki na 30 zai iya hutawa a ofishin ƙungiya, a mayar masa da makinsa duka, a zaftare masa mataki goma.

Mene ne FOE, kuma me ya sa kowa ke tsoronsa?

Dodanni iri biyu ne a kurmin. Akwai na yau da kullum da ke faɗo maka ba ka gan su ba, sai dai wata 'yar fitila a kusurwar allo da ke sauyawa daga shuɗi zuwa ja tana gaya maka sun kusa. Akwai kuma FOE, waɗanda ake gani ƙuru-ƙuru a taswira, a bugun DS kuma suna bayyana a hanya a siffar dunƙulen haske mai ruwan lemo. Duk taku ɗaya da ka yi, su ma sun yi ɗaya. Wasu suna zagaye a hanya ɗaya ba sa sauyawa, wasu suna tsaye sai sun hango ka su biyo ka, wasu ma ba sa motsi sai sun ji ana faɗa.

A nan mugun abin yake. Kowane zagaye na faɗa daidai yake da taku ɗaya. Kana can kana fama da ƙananan ƙwari, FOE yana matsowa murabba'i bayan murabba'i, kana kallonsa a allon ƙasa, in ba ka gama da wuri ba sai ya faɗo cikin faɗan ya same ka a gajiye. Shi ya sa faɗan da bai kai ya kawo ba yake iya zama tashin hankali.

An yi su ne da gangan su fi ƙarfin tawagar da ta fara isowa hawan. Barewar da ke hawa na biyu, Ragelope, tana rikita mutanenka su riƙa saran juna. Ƙaton ƙoƙi-ƙoƙin da ke hawa na uku, Stalker, sara ɗaya yake yi ya kwantar da mutum. Masu magana sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. To a hawa na uku sa gudu yake zaune. Abin da ake so ka yi shi ne ka tsaya daga nesa, ka ƙirga takunsa, ka gane zagayensa, ka sulale ta bayansa. Kowane ɗaki mai FOE wasa ƙwaƙwalwa ne da aka shirya da hannu. Bayan ka sauka hawa uku ko huɗu ka ƙara ƙarfi, sai ka dawo ka rama, kuma ramuwar tana da riba, domin abin da suke yarwa yana buɗe makamai masu kyau.

Kullum ba ni da kuɗi. Ina ake samunsu?

Dodanni ba sa yawo da kuɗi a aljihu. Abin da suke bari shi ne fata, ƙaho, haƙori, fiffike, ɓawo. Waɗannan kake kwasowa ka kai kantin Shilleka ka sayar a ba ka en, kuɗin garin. Kuma kantin ba ya ƙaruwa da kansa: sai ka kawo mata isassun fatu kafin sabon sulke ya bayyana a kanta, sai ka kawo wani haƙori kafin a ƙera wani takobi. Don haka kada ka riƙe kaya kana jira, sayar, sai fa abin da wani ya yi odarsa a mashayar Golden Deer, inda ake liƙa ƙananan ayyuka masu lada.

Hanya ta biyu ita ce sara, haƙa da tsinka. Akwai wurare a kurmin da ake samun itace, ma'adini ko ganyaye, amma sai mai fasahar abin, kuma sau ƙalilan a rana. Dabarar da tsofaffin 'yan wasa ke yi ita ce su kafa tawaga ta biyu ta maharba zalla, su zuba makinsu duka a wannan aiki, su riƙa aika su wurin da ke kusa da matakala su cika jaka su dawo. Jakar kaya sittin take ɗauka. Ba aiki ne mai armashi ba, amma shi ke biyan kuɗin masauki, wanda ke ƙaruwa yayin da mutanenka ke hawa mataki, da kuɗin tayar da wanda ya faɗi a ɗakin magani na Ceft.

Wasu dodannin kuma ba sa ba da kayansu mafi daraja sai an kashe su ta wata hanya ta musamman, misali da wani nau'in hari ko cikin 'yan zagaye kaɗan.

Wane abu ne bai kamata in bar gari ba tare da shi ba?

Warp Wire. En 100 ne, yana mayar da kai gari nan take daga duk inda kake, muddin ba cikin faɗa kake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ka taka matakala duba jakarka, in ka yi amfani da shi kuma, abu na farko da za ka saya da ka dawo shi ne wani. Duk wanda ya daɗe a wannan wasa ya san zafin buɗe jaka a hawa mai nisa, mai magani ya faɗi, a tarar babu shi.

A ina ake adana wasa?

A masaukin Rooster da ke gari, sai kuma wurin wani ginshiƙin haske da ake samu a farkon kowane zango (kowane hawa biyar zango ɗaya ne) daga na biyu, wato hawa na 6, 11, 16, 21 da 26. Ginshiƙin yana kuma kai ka gari ya dawo da kai. Ban da waɗannan, bugun DS bai ba ka wani wuri ba, sai dai ka rufe murfin na'urar ta yi barci. Mai buga sabon bugu a kwamfutar tebur a inda wuta ba ta da tabbas ya riƙe wannan a ransa, ya gajarta tafiyarsa.

Wannan ƙarancin wurin adanawa shi ke haifar da tambayar da wasan yake yi maka dare da rana: in ƙara ɗaki ɗaya ko in koma? Ƙarfin mai jifan wuta ya kusa ƙarewa, jaka ta cika da kaya masu tsada, ga wata ƙofa can da ba ka buɗe ba. Mafi yawan mutuwa a Etrian Odyssey a bayan wannan ƙofar take.

Mece ce ɗaurewa, kuma tana da amfani?

Kowane mai rai a wasan, naka da na abokan gaba, yana da kai, hannu da ƙafa, kuma kowace fasaha da ɗaya daga cikinsu ake yin ta. In aka ɗaure kan mai maganinka, ba zai iya warkar da kowa ba. In ka ɗaure hannun dodon da ke sara, ya rasa babban makaminsa. Ɗaure ƙafa yana hana gudu da kauce wa duka. Dark Hunter mai bulala shi ne gwanin wannan, har yana da wani hari mai muni da ba ya aiki sai an ɗaure wurare ukun duka. A wasa na farko ɗaurin ba ya kama manyan dodanni da sauƙi, don haka ba kowa ke damuwa da shi ba. A wasannin baya ne ya zama ginshiƙin dabara.

Hawa nawa ne, kuma me ke cikinsu?

Talatin, an kasa su zango shida, kowanne hawa biyar. Labarin yana ƙarewa a hawa na 25, biyar na ƙarshe ƙari ne ga wanda bai ƙoshi ba.

Zango na farko, Emerald Grove, daji ne kore shar mai hasken rana, kyansa yaudara ce. Tun a hawa na ɗaya akwai wani fili mai furanni da wasan zai tambaye ka ko za ka huta; in ka amsa, malam-buɗe-littafi masu dafi ne za su tashe ka. A ƙarshensa Fenrir yake, sarkin kyarkeci, wanda yaransa ke shigowa faɗan ɗaya bayan ɗaya in ka ja lokaci. Zango na biyu, Primitive Jungle, duhuwa ce mai ƙasa mai cutar da ƙafa, a nan ake aiken ka ka sato ƙwai daga sheƙar Wyvern ba tare da ka yi gaba da gaba da ita ba, kuma a nan ne wani aikin mashaya zai sa ka kwana biyar cur a hawa na 8. Bos ɗinsa Cernunnos yana kiran masu yi masa magani. Na uku, Azure Rainforest, shuɗi ne, rabinsa gidan tururuwa da sarauniyarsu, rabinsa ruwa da ake ƙetarewa a kan furanni. Na huɗu, Sandy Barrens, busasshen daji ne mai yashin da ke jan mutum inda bai yi niyya ba.

Na biyar ba a faɗin sunansa ga wanda bai kai ba.

Wai da gaske akwai labari? Na yi nisa ban ga komai ba.

Akwai, amma ba a bakin mutanenka yake ba. Su ba sa magana, ba su da tarihi sai wanda ka ƙirƙira musu a zuciyarka. Wani mai ba da labari ne ke yi maka bayani a rubuce, cikin salon mai tatsuniya: ga wani abu yana ƙyalli a cikin ciyawa, za ka miƙa hannu ko za ka wuce? Manyan ayyuka daga fadar Radha suke fitowa, hukumar da ke mulkin garin a ƙarƙashin shugabanta Visil. Aikin farko ma jarrabawa ce: zana taswirar hawa na ɗaya kafin soja ya bar ka ka wuce.

Kashi biyu cikin uku na wasan haka yake tafiya, aiki bayan aiki, garin yana yabonka, Shilleka tana murna da kayan da kake kawowa. Za ka haɗu da wasu mata biyu ƙwararru, Ren mai takobi da Tlachtga mai sammu, su taimake ka a zangon farko. Riƙe sunayensu.

Gargaɗi: tambayoyi biyu masu zuwa sun tona ƙarshen labari.

Su wane ne mutanen daji, kuma dole ne in yaƙe su?

Wajen ƙarshen zango na uku wata yarinya za ta tare ka ta ce ka koma, daga nan ƙasarsu ce. Ashe kurmin da mutanensa, kuma akwai tsohon alkawari tsakaninsu da mutanen sama cewa ba za a ƙetare wannan iyaka ba. Ka kai rahoto fada kana zaton za a nemi sulhu. Umarnin da zai fito shi ne a shafe su.

Wasan bai ba ka zaɓi ba. Ko ka karɓi aikin, ko ka tsaya a nan har abada. Kuma kusan kowa karɓa yake, domin hawa goma sha biyar ka zana da hannunka, ga fili fari a allon ƙasa yana jiran tsinkenka. A hawa na 20 sai ka bi mayaƙansu ɗaya bayan ɗaya ka kashe, saboda tsuntsun zinariya da ke tsaronsu, Iwaoropenelep, yana tashi duk lokacin da aka kashe shi muddin akwai sauran mai kare shi a raye. Wato tsarin faɗan da kansa ya tilasta maka ka ƙarar da su, kana duba taswirarka kana neman wanda ya rage. Babu wani dogon jawabi da zai biyo baya ya ce ka yi laifi ko ba ka yi ba. An biya ka ladanka, ƙofa ta buɗe. Wasu suna ganin wannan raunin rubutu ne, cewa marubutan sun taɓo babban al'amari sun wuce da sauri. Ina ganin shirun ya fi duk wani jawabi da za su iya rubutawa nauyi, ko da yake na yarda yarinyar ta cancanci fiye da 'yan layukan da aka ba ta.

To mene ne a zango na biyar?

Ka sauko daga matakala sai ka ga dogayen gine-gine na zamani, bishiyoyi sun fasa tagoginsu, ga na'urar hawa bene da sai an kunna mata wuta. Sunan zangon Lost Shinjuku. Shinjuku unguwa ce ta gaske a Tokyo, inda hedikwatar gwamnatin birnin take. Duniyar takobi da bulala da ka ɗauka ta tatsuniya ce, ashe tamu ce bayan shekaru masu ɗimbin yawa.

Takardun da ke warwatse a gine-ginen su ke ba da sauran bayani. Gurɓacewar muhalli ta kusa ƙarar da 'yan Adam, sai masana suka ƙaddamar da aikin Yggdrasil, wata bishiya da za ta tsarkake ƙasa a tsawon dubban shekaru. Visil yana cikin masanan. Ya haɗa jikinsa da bishiyar don ya rayu ya ga ƙarshen aikin. Shi ya sa ba ya son a kai ƙasan kurmin: asirin zai tonu, kuma arzikin Etria ya dogara ne ga masu bincike su riƙa zuwa suna kashe kuɗi ba tare da wani ya gama ba. Aika ka yaƙi da mutanen daji ma da fatan ba za ka dawo ba aka yi. Da hakan bai yiwu ba, sai ya tura Ren da Tlachtga su tare ka a hawa na 21. A hawa na 25 kuma shi da kansa za ka fuskanta, ya zama ɗaya da zuciyar bishiyar.

Bayan an gama, akwai saura?

Akwai zango na shida, Claret Hollows, wanda aka gina don azabtarwa: hawa guda cike da ramukan da ba a gani, wani kuma ruɗanin wuraren da ke wurga mutum daga nan zuwa can, alamomin taswirar DS ma ba sa isa a rubuta su duka. Akwai manyan dodanni uku na wuta, ƙanƙara da tsawa, sai Primevil a hawa na 30. A nan Protector ya zama tilas saboda fasahohinsa uku na tare waɗannan hare-hare. A bugun DS a tsayar da kowacce a maki biyar. A nan take shafe harin gaba ɗaya; in ta wuce haka tana mayar da shi magani, amma sharrin da ke biye da harin yana samun hanyar shiga.

Wane bugu ya kamata in nema yau?

Uku ne. Na asali a DS, wanda sai dai na hannu. Sai Etrian Odyssey Untold: The Millennium Girl na 3DS, na'urar da ta gaji DS, 2013, wanda aka sake gina shi: an sauya tsarin hawa-hawan, FOE sun zama dodanni da ake ganin siffarsu, an kuma ƙara wani yanayi mai tawaga shiryayya da ke magana, da wata yarinya Frederica da aka tasa daga dogon barci. Kantin intanet na 3DS ya rufe a Maris 2023, kuma na'urar tana da kullen yanki, kaset ɗin Amurka ba ya aiki a ta Turai, don haka a duba kafin a biya.

Na uku shi ne mafi sauƙin samu: Etrian Odyssey HD, da ya fito ranar 1 ga Yuni 2023 a Nintendo Switch da Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, shi kaɗai ko cikin Origins Collection tare da wasa na biyu da na uku. Wasan DS ne aka gyara wa hoto, aka ƙara matakan wahala uku, Picnic, Basic da Expert, da zaɓin a bar na'ura ta zana bango. Allo ɗaya aka raba biyu. A kwamfuta linzami yana maye gurbin tsinke da kyau, da madannan hannu kuwa sai an saba. Ni zan ce a fara da HD a kan Basic, a kuma kashe zanen bango na na'ura ko da na zangon farko ne.

Ya dace da yara? Sai na iya Turanci?

Babu zubar da jini a hoto, dodannin zane ne. Amma shigar wasu daga cikin mutanen, musamman wasu hotunan Dark Hunter da Troubadour da ita kanta Shilleka, ba ta da kamun kai, akwai mashaya a garin, kuma sunaye irin su Yggdrasil da Fenrir daga tatsuniyoyin gargajiyar arewacin Turai aka ɗauko su. A Amurka an sa shi a rukunin matasa. Iyaye su duba da kansu. Babu fassarar Hausa. Turanci matsakaici ya isa, tunda yawancin karatun bayanin fasaha ne da gajerun labarai. 

In na ji daɗinsa, wanne zan bi da shi?

Labaran ba su sarƙe da juna sosai ba, kowanne da garinsa da kurminsa. Na biyu, Heroes of Lagaard na 2008, sama ake hawa maimakon sauka, kuma a bugunsa na DS kashe FOE ba ya ƙara wa mutanenka mataki. Na uku, The Drowned City na 2010, ya kawo tafiyar jirgin ruwa, sana'a ta biyu ga kowane mutum, da ƙarshe iri uku. Cikin ukun da ke Origins Collection shi ne ya fi yalwar dabara. Na huɗu, Legends of the Titan, ya fito a 3DS a Japan a 2012, shi ne ya fi sauƙin shiga ga sabon ɗan wasa, sai na biyar a 2016 da Nexus a 2018, duka a 3DS. Mai son jerin Persona kuma zai tarar da wannan tsari na taswira da FOE a Persona Q na 2014.